Shirin Musamman: Ina Yaron da Ya Tarbe Ni Bara?



Yau Daura muka nufa, kuma daga bakin rijiyar Kusugu za mu fara. Kowa ya san a nan Bayajidda ya kashe maciji. Ni kuwa wadda ke tsaya mini a rai ita ce tsohuwar nan Ayana da ya sauka a gidanta. Baƙo ya iso cikin dare, ga ƙura, ga gajiya, ya roƙi ruwa, ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Shimfiɗar fuska tana da ita. Ikon ɗibar ruwan ne ba ta da shi.

Na tuna da Ayana wata shekara da na je kallon Sallar Gani na sauka a wani otal. Famfon ɗakina ko ɗigo. Ga makullin wani ɗaki da babu kowa yana rataye a bayan yaron da ke karɓar baƙi, amma ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, sai manaja ya zo." Sau uku yana buga waya ba a ɗauka ba. Ƙarshe ya ɗauki bokiti ya jido mini ruwa da kansa, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Da shekara ta zagayo na tambayi inda yake, aka ce ya bar aiki, ya koma kabu-kabu. Wallahi abin ya taɓa ni. Yaro mai ladabi irin wannan, a ce makulli ɗaya ba a yarda masa ba!

Ga shi kuwa Daura ba ta rabo da baƙi: ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga jami'ar sufuri, ga fatake ta iyakar Kongolam, balle cincirindon da aka gani ranar 15 ga Yuli, 2025, wajen jana'izar marigayi Muhammadu Buhari.

Batun albashi, a 2024 an mai da mafi ƙaranci naira 70,000, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan masaukai da yawa nan suka faɗa. Batun yarda da ma'aikaci kuwa, a Amurka, otal-otal ɗin Ritz-Carlton sun yarje wa ma'aikaci ya kashe har dala 2,000 don share hawayen baƙo ba tare da neman izini ba.

Lokaci na harararmu. Masu otal, ba dala muke roƙo ba. A biya yaro a kan kari, a ba shi ranar hutu, a daina yi masa tsawa gaban baƙi, sannan a miƙa masa makullin nan. Baƙonku zai dawo baɗi, kuma labarin yaron zai fara tambaya.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.