Gunjin amfili: ƙarar da ba a toshe wa kunne

Daga Agadas har Yamai, bukukuwan aure da dama ba su cika sai da gita. Amma sau da yawa, tun makaɗi bai taɓa tsirkiya ba, amfili yakan soma gunji kamar taron zuma. Mai biki ya biya kuɗinsa, baƙi sun hallara, ga ƙara ta danne kiɗa.

Asalin abin sananne ne ga masu gyara. Wutar lantarki a Nijar tana kai-komo sau 50 cikin daƙiƙa guda. Ƴar na'urar maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin gita, wadda aikinta ɗaukar motsinsu, takan kwashi wannan kai-komo daga wayoyin wuta da fitilun neyon, amfili kuma ya ƙara masa ƙarfi. Domin magance haka ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera irin wannan na'ura mai naɗin waya biyu, ɗaya na kashe gunjin ɗaya. Gitocin kamfanin sun fara fitowa da ita a 1957.

Binciken yana da tsari. Da farko a zare wayar gita daga amfili. Idan gunjin ya ɗauke, laifin na waya ne ko na gita: sai a sake waya, a duba liƙin dalma a bakinta, makaɗi kuma ya nisanci fitilu. Idan gunjin bai ɗauke ba, a duba inda aka jona. Amfili da injin lasifikan da aka haɗa shi da shi, in kowane yana shan wuta daga wuri dabam, sukan haifar da gunji; maganinsa a jona su wuri guda. In duk wannan bai yi ba, mai yiwuwa kondansatocin cikin amfilin ne suka bushe, abin da zafin ƙasarmu ke gaggautawa. Wannan aikin gwani ne, gama na amfili mai fitilu sukan riƙe ɗaruruwan volt ko bayan an cire shi daga wuta.

Babban haɗari shi ne dabarar da wasu ke yi ta yanke wayar ƙasa, wato waya ta uku. Gunji kan lafa, amma ranar da wuta ta zurare cikin jikin amfili, ba ta da hanyar zuwa ƙasa sai ta jikin makaɗi. A 1972 wuta ta kashe Leslie Harvey a kan dandali a Swansea, sa'ad da ya taɓa makirfo marar wayar ƙasa. A 1976 Keith Relf ya rasu a gidansa ta hanyar gitarsa.

Saboda haka ɗan kasuwar da ke ba da hayar kayan kiɗa, da ma'aikacin da ya gayyato makaɗa, su tabbatar wayar ƙasa tana nan, ko da gurup ne ke ba da wuta. Gara biki da gunji da a tashi da makoki.