Mece ce Code Club?

Sunan Code Club yana yawan fitowa a labaran ilimi da fasaha. Ƙungiya ce ta 'yan sa-kai da ke koya wa yara rubuta shirin kwamfuta kyauta bayan an tashi makaranta. Wasu mata biyu, Clare Sutcliffe da Linda Sandvik, suka kafa ta a Birtaniya a 2012, kuma a 2015 ta haɗe da gidauniyar Raspberry Pi.

Yaya take aiki? Galibi sau ɗaya a mako, malami ko ɗan sa-kai yakan zauna da yara na awa guda a aji ko laburare. Ana farawa da Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. A nan yaro yana jera umarni kamar tubali, sai wata kyanwa da ke kan allo ta yi tafiya ko ta yi magana. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya koma Python, inda ake rubuta umarnin da kalmomi.

An fara Code Club ne domin 'yan shekara 9 zuwa 11. Scratch kyauta ce, kuma ana iya sauke ta a yi aiki ba intanet.