Farcen Kiɗan Jita

Makaɗin garaya a ƙasar Hausa yakan riƙe ɗan guntun busasshiyar fata mai tauri, ya riƙa bugun tsirkiya da shi domin sauti ya fito da ƙarfi. Masu kaɗa jita su ma suna da irin wannan dabara. Nasu wani ɗan zobe ne na roba ko na ƙarfe, mai harshe a gefe ɗaya, wanda ake sa wa babban yatsa. Za mu kira shi farcen kiɗa.

Jita tana da tsirkiya shida: uku masu kauri, uku sirara. Idan ana kaɗa ta da yatsu, babban yatsa ne yake kula da masu kaurin, sauran yatsu kuma su ja siraran. Amma naman yatsa yana da taushi, don haka amonsa yakan dushe. Farce shi ne yake fito da wannan amo sarai. Da shi ne Merle Travis da Chet Atkins, makaɗan Amurka, suka yi suna.

Wajen zaɓen farce, dacewa da yatsa ta fi kyan launi muhimmanci. Idan ka shiga shagon kayan kiɗa a Abuja, kada ka biya kuɗi sai ka gwada. Wanda ya yi maka yawa zai riƙa juyawa, musamman a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake sa hannu gumi. Wanda ya matse ƙwarai kuwa zai sa yatsa ciwo, har ka gaji da koyo. Nemi wanda ya kama yatsa daram, tsakanin gaɓa da tsakiyar farcenka. Na roba ya fi dacewa da ɗan koyo, domin idan aka tsoma shi cikin ruwan zafi yakan yi laushi, a buɗa shi ko a matse shi. Idan harshensa ya yi tsawo, sai a goge shi kaɗan.

A kwanakin farko za ka ji shi kamar baƙo a hannunka. Kada ka cire shi. Fara da bugun tsirkiyoyi masu kauri kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Sai babban yatsa ya saba, sannan ka shigo da sauran. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Da me makaɗin garaya yake bugun tsirkiya?
2. Waɗanne tsirkiyoyi ne babban yatsa yake kula da su?
3. Me ya sa farcen roba ya fi dacewa da ɗan koyo?
4. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi: amo, dushe, daram.