Idan Kwamfuta Ta Ƙi Gane Waya Ko Firinta

 Yau zancenmu a kan wata 'yar matsala ce mai cin kuɗin mata a banza.

A nan ƙasar Funtuwa da Malumfashi, da kaka ta yi aka sayar da masara da waken suya, sai ki ga maigida ya shigo da kwamfuta 'yar gwanjo, wani ma har da firinta, musamman saboda yara, tunda daga 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta. Ke kuma kina so ki kwashe hotunan ɗinkinki daga waya, ko ki buga wa 'yarki takardar jarrabawa. Kin haɗa, shiru. Sai a ce ai ta lalace, a aiki yaro wurin mai gyara.

To 'yar'uwa, sau da yawa babu abin da ya lalace. Kwamfuta da firinta ba yarensu ɗaya ba. Ki ɗauka baƙo ne da ba ya jin Hausa ya zo kasuwar Ɗandume sayen hatsi: ga kuɗi, ga kaya, amma ciniki ba zai faɗa ba sai an sami tafinta. Tafintan nan a cikin kwamfuta wata 'yar manhaja ce da ake kira direba, kuma kowace irin na'ura da nata. In babu shi, ko aka sa wanda bai dace ba, kwamfuta za ta yi kamar ba ta ga komai ba.

Amma kafin ki zargi direba, fara da abin da ke hannunki. Na farko, igiyar caja. Wadda aka saba da ita zare huɗu ne a cikinta, biyu na wuta, biyu na saƙo. Wasu masu arahar nan zaren wuta kawai gare su, shi ya sa za ki ga waya tana caji amma kwamfuta ba ta gan ta ba. Ki gwada wata, in da hali wadda ta zo da wayar.

Na biyu, ki buɗe makullin wayar, ki jawo saman fuskarta ƙasa, ki taɓa saƙon USB, ki zaɓi inda aka rubuta File transfer. Tecno ce, ko Itel, ko Infinix, in dai Android ce, yawanci a kan caji kaɗai take zama sai kin ba ta izini.

Na uku, ki sauya kafar da kika soka, don ƙurar hunturu tana toshe su. Sannan ki kashe kwamfutar ki sake kunnawa.

In duk an yi wannan ba ta gane ba, yanzu ne za a nemi tafinta. A wurin bincike na Windows ki rubuta Device Manager, ki buɗe. Duk sunan da kika ga da alama mai kusurwa uku ruwan ɗorawa a gefensa, shi ne mai matsala, sau da yawa ta direba. Ki danna shi da ɓangaren dama na maus, ki zaɓi Update driver, amma fa sai da intanet. In firinta ce, ki duba lambar da ke jikinta, a je shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne ko Canon ko Epson, a sauko da direban da ya dace da irin Windows ɗinku. Ki ja wa yara kunne kada su ɗauko daga shafin da ba na kamfanin ba, nan ne ake kwaso cutar kwamfuta.

Akwai kuma matsalar tsufa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Saboda haka sabuwar firinta tana iya rasa direba a tsohuwar kwamfuta, tsohuwar firinta ma ta rasa a Windows 11. Ki faɗa wa maigida, kafin ya biya kuɗi ya sa a haɗa su a gabansa a buga takarda ɗaya. Gani ya kori ji.

In kuwa ta kama dole sai an je wurin mai gyara, to ki yi hattara. Wayarki akwai hotunanki da na 'ya'yanki mata, akwai saƙonnin banki. Ki cire katin memori da layi, kada ki ba da lambar sirri, kuma maigida ko babban ɗanki ya tsaya a yi aikin a kan idonsa. Hoton da ya fita daga gida ba ya dawowa.

Nan za mu dakata. Ki gwada matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ki kuma koya wa abokiyar zama da maƙwabciya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.