Yadda Wutar Lantarki Ta Kan Zama Gobara

Ƙofar Kabuga tana yamma da birnin Kano. Ta nan sojan Turawa suka kutsa cikin birni a shekarar 1903, ta nan kuma hanya ta fita ta nufi Gwarzo. A zamanin da, in rana ta faɗi ba abin da ke haskaka wurin nan sai farin wata da 'yar fitilar aci-balbal. Yau kuwa babbar mararraba ce, ga gadar ƙasa motoci suna kurɗawa, ga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero nan kusa, ga turakun lantarki sun jeru a bakin titi. Daga kowane turke wayoyi sun rarrabu sun shiga gidaje, kamar jijiyoyi a jikin ganye.

Wannan wuta daga nesa ta ke zuwa. Wata daga madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, wadda aka gama a 1968, wata daga Shiroro a kan kogin Kaduna, wata kuma daga injunan gas na kudu. Ta kan sauka a babbar tasha ta Kumbotso, sa'an nan a yi ta rage ƙarfinta mataki-mataki har ta iso taransifoman unguwa, ta shiga gida da ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka. Masu kula da ita sun sha canza suna. A 1972 aka kafa NEPA, a 2005 ta koma PHCN, tun 2013 kuwa kamfanin KEDCO ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Yara dai ba su yarda da canjin ba, har yau in an kawo wuta sunan farkon su ke kira da ihu.

To, ku lura da sunan da Hausawa suka ba ta. Ba ta da harshe, ba ta da hayaƙi, ba a hura ta, amma suka ce wuta. Sun kuwa yi gaskiya. Duk inda lantarki ya bi ta cikin waya sai ya bar zafi a wurin. In wayar mai kauri ce ta jan ƙarfe, a sake ya ke wucewa, zafin kaɗan ne, hannu ma ba ya ji. In kuwa siririya ce, sai ya wuce da ƙyar, wayar ta ɗauki zafi. Ku tuna da taron jama'a in za su shiga ta ƙaramar ƙofa. A fili kowa yana tafiya a wadace, a bakin ƙofar kuwa sai turereniya da gumi. Haka lantarki ya ke a cikin siririyar waya.

Masu ƙira sun san wannan hali nasa, da shi ma su ke aiki. A cikin dutsen guga da hita da risho na lantarki sun sa wata waya musamman wadda ba ta barin wuta ta wuce da sauƙi, don ta yi zafi. Watau zafin nan shi ne amfanin kayan. Gobara ta kan tashi ne in zafin ya taru inda ba a nufa ba, ko ya daɗe fiye da yadda a ke bukata.

Bari mu fara da hita, gama tana cikin abubuwan da suka fi ta'adi a Kano in hunturu ya shigo. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ya kan sauko, ruwan randa ya yi kamar ƙanƙara, ba mai son wanka da shi da asuba. Sai a cika bokitin roba, a gitta sanda a bakinsa, a rataya hita, a jona. Tana cikin ɗumama ruwa sai a ɗauke wuta. Mai ruwa ya taɓa ya ji da sauran sanyi, ya yi tsaki, ya tafi sha'aninsa. Hita tana nan a jone, makunni yana nan a kunne. Ba wanda ya tuna da ita, domin abin da ba ya motsi, ba ya ƙara, ido ya kan ɗauka a kashe ya ke.

Can da tsakar dare, ko da hantsi bayan kun tafi makaranta, manya sun kulle ɗaki sun tafi kasuwa, sai a kawo wuta. Ga lissafin abin da zai faru. Hita mai cin wat 1,500 in an sa ta cikin ruwa lita 10, wajen minti 40 ya ishe ta ta tafasa shi. Ita ba ta san ya tafasa ba, sai ta ci gaba da aikinta. Ruwa ya yi ta tashi tururi, bayan kamar sa'a 2 rabinsa ya tafi. Muddin ruwa ya rufe ƙarfen, zafinsa ba ya wuce na tafasasshen ruwa da yawa, watau digiri 100, domin ruwan yana kwashe zafin. Da ruwa ya janye ya bar shi a fili, nan da nan sai ya yi ja wur kamar ƙarfe a maƙera. Roba kuwa tun ba a kai digiri 200 ba ta ke narkewa. Sanda ta kama, bokiti ya zube, wuta ta lashi labule, ta hau katifa. Katifar soso in ta kama, baƙin hayaƙinta ya kan kashe mai barci tun harshen wuta bai kai gare shi ba.

Labarin dutsen guga bai bambanta ba. Ana cikin gugar kayan makaranta a ɗauke wuta, a bar shi kife a kan bargo. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai yanke wuta in zafi ya kai, amma ya kan lalace, wani mai gyara kuma maimakon ya sake sabo sai ya haɗa wayar kai tsaye. Dutsen da aka yi wa haka ba shi da linzami.

Saboda haka, sa'ad da aka ɗauke wuta, a lokacin ne ya kamata a tashi a kewaya gida. A zare hita, a zare dutsen guga, a kashe risho, a kashe talabijin. In ana so a san dawowarta, ƙwan fitila ɗaya ya isa a bari a kunne. Wannan aiki bai fi ƙarfin yaro ɗan firamare ba, sau da yawa ma yaro ya fi babba tunawa. Akwai kuma wani dalili. Wuta in ta dawo, wani lokaci da ƙarfi fiye da kima ta ke zuwa, ta ƙone abin da ta tarar a jone. Wani lokaci kuma rarrauna ce, ƙwai ya yi ja kamar garwashi. Kada ku ce rarraunar ba ta da haɗari. Injin firji in bai sami isasshen ƙarfi ba, ya kan tsaya yana gurnani ya kasa juyawa, wayoyin cikinsa suna ta ɗaukar zafi.

Sai maganar ɗora wa soket kaya. Kowane abu da a ke jonawa yana da cinsa, an kuwa rubuta a jikinsa. Ƙwan fitila irin na yanzu ya kan ci wat 9 ko 12, fanka wajen 70, dutsen guga 1,000 ko fiye. Soket mai ido uku irin na gidajenmu an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, watau kusan wat 3,000. To, a ce an kawo doguwar waya mai baki huɗu an jona a soket ɗaya, aka sa mata hita mai 1,500, da risho mai 1,500, da dutsen guga mai 1,000. Ku tara. Kun ga 4,000 ke nan, an wuce iyaka. Abin mamaki kuma, zafin waya ba ya tafiya daidai da kayan. In an ninka kaya sau biyu, zafin sau huɗu ya ke ninkuwa, in sau uku, sau tara. Shi ya sa wayar da ta shekara tana ɗauke da rediyo lafiya ta kan narke ran da aka jona mata hita.

Don gudun haka aka yi fis. Fis ɗan siririn ƙarfe ne a cikin fulogi ko a akwatin wuta na gida, an yi shi rarrauna da gangan. In kaya ya yi yawa, shi ke fara tsinkewa, wuta ta yanke, gida ya tsira. Gidajen zamani suna da makunni mai faɗuwa da kansa, aikinsu ɗaya. Amma ga abin da mutane su kan yi: fis ya tsinke, sai a sami waya mai kauri ko takardar azurfa ta kwalin taba a cusa a gurbinsa, a ce an gyara. Wannan kamar a kori mai gadi ne don ya yi kururuwar ɓarawo. Gaba in kaya ya sake yin yawa, wayar cikin bango ce za ta ƙone a madadinsa.

Wata ɗabi'ar da ta fi wannan muni ita ce a yanke fulogi, a fere waya, a cusa tsirararta cikin idon soket, a tokare da tsinken ashana. Mahaɗin da bai kama sosai ba ƙunci ne gare shi, a nan zafi ke taruwa, a nan tartsatsi ke tashi. Haka kuma wayar da aka ƙulla aka naɗe da leda maimakon salatif. Wata wayar ma tun daga kanti ta ke da aibi, bayanta ja kamar jan ƙarfe, cikinta kuwa wani ƙarfe ne aka shafe. Araha ba ta ado. A cikin silin kuma ɓeraye su kan gwagwiye robar waya, tsirara biyu su haɗu, a ji fat! Ƙasan wurin kuwa ga busasshen katako, ga yana, ga shara.

Kafin abin ya ɓaci ya kan ba da alama. Soket ya yi baƙi a gefen ido, ko fulogi ya yi zafi a hannu, ko a ji wani sauti kamar na ƙudan zuma a cikin bango, ko ƙwai ya riƙa ƙyaftawa alhali na maƙwabta lafiya lau. Babbar alama ita ce ƙauri irin na roba. Wanda ya ji shi kada ya yi shiru, kada kuma ya ɗauko wuƙa ya ce zai buɗe ya gani. Ya gaya wa babba, a kashe wutar wurin, a kira mai gyaran lantarki wanda ya koyi aikin.

Wayar hannu ma ta shiga cikin lissafi. Batirinta yana ɗumi in ana caji, don haka ba a sa ta ƙarƙashin matashi a kwana. In batir ya kumbura, ya gama aiki. Janareto kuwa ba a zuba masa fetur yana tafiya ko yana da zafi, ba a kuma shigar da shi ɗaki ko soro a rufe, gama iskar da ke fita daga gare shi tana kisa, ba ta kuwa da launi.

Abin da ya sa gobarar hunturu ta fi ta damina ɓarna shi ne kome a bushe ya ke, ga iska tana kaɗawa. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2016 ba, sa'ad da wuta ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari ta cinye dubban shaguna. Inda gini ya haɗe da gini, wutar ɗaki ɗaya ta kowa ce.

In har ta kama, abu na fari shi ne a kashe babban makunni na gida. Ya kamata kowa a gidan ya san inda ya ke, har ya iya samunsa cikin duhu. Kada a watsa ruwa ga abin da ke jone, domin lantarki ya kan bi ruwa ya kama mai bokiti. Busasshen yashi ya fi. Wanda wuta ta riƙe, ba a kama shi da hannu, sai a kashe makunni, ko a ture shi da busasshiyar sanda. In hayaƙi ya cika ɗaki, a sunkuya ƙasa a fita da rarrafe, a nan iska mai kyau ta ke. Kada a koma don ɗauko kaya.

Sa'an nan a kira 'yan kwana-kwana tun wutar tana ƙarama, ko a buga 112, lambar neman agajin gaggawa. A faɗi sunan unguwa sosai, da wani sanannen wuri kusa, masallaci ko makaranta. Motarsu babba ce, lungunan cikin birni kuwa ƙanana, ga su sun yi kama da juna. Don haka a tura mutum ɗaya ya tsaya a bakin titi, in a Kabuga ne ya tsaya wajen ƙofa, da ya hango su ya ɗaga hannu, ya shige gaba ya nuna musu hanyar da mota za ta iya bi.