Wa ke da ƙa'idojin intanet?

Duk saƙon da ya bar wayarka, ƙa'idojin da ake kira TCP/IP ne suke yanka shi gunduwa-gunduwa, su rubuta wa kowane gutsure adireshi, sannan a harhaɗa shi a wayar wanda ka aika wa. Ba wanda ake cajin ko sisi don amfani da waɗannan ƙa'idoji.

A rubuce suke, cikin jerin takardu masu suna RFC. Wani ɗalibi a jami'ar UCLA ta Amurka, Steve Crocker, shi ya rubuta ta farko a 1969. Takardun IP da TCP, masu lamba 791 da 793, sun fito a 1981. Tun daga 1986 ƙungiyar injiniyoyi ta IETF ce ke tsara irin waɗannan ƙa'idoji, kuma ƙofarta a buɗe take ga kowa.

Takardun kansu suna da haƙƙin mallaka. A 2005 aka kafa IETF Trust domin riƙe wannan haƙƙi amana. Marubuci ba ya rasa haƙƙin abin da ya rubuta, izini kawai yake bayarwa a wallafa shi, a kuma ci gaba da gyara shi a cikin ƙungiyar. Kai kuma kana iya saukar da takardar kyauta, ka buga, ka raba wa ɗalibai, har ka fassara ta zuwa Hausa. Abin da aka hana shi ne ka canza maganar da ke ciki ka yaɗa ta a wajen ƙungiyar. A ganina hanin nan daidai ne, domin da kowane kamfani zai fito da tasa, da kwamfutoci sun daina fahimtar juna.

Inda gizo ke saƙar shi ne rajistar ƙirƙira. Haƙƙin mallaka rubutu yake karewa, ita kuwa rajistar ƙirƙira dabarar kanta take kullewa. An ga haka a ƙarshen 1994, lokacin da kamfanin Unisys ya nemi a biya shi kuɗin dabarar matse bayanai da hotunan GIF ke amfani da ita, bayan duniya ta riga ta saba da su. Masu rubuta manhaja suka fusata, suka ƙirƙiro PNG wanda ba a bin kowa kuɗi a kansa. Don guje wa irin wannan matsala, IETF ta wajabta wa duk mai kawo shawara ya faɗi rajistar da ya san ta shafe ta, tun kafin a amince da ita.