Idan kasafi ya ragu, wa ke fara ji a jika?

A watan Oktoba na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO, gwamnatin Nijar ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin ɗari. Irin wannan ragi kan fara cin abin da ba ya da mai yi masa kuka, kuma ciwon taɓin hankali yana ciki.

Mai hali a Yamai bai cika jin zafin ba. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa, su ƙalilan ne, kuma akasarinsu a birnin suke. In magani ya yanke a asibitin gwamnati, sai mai halin ya saya a kanti.

Manomin Gangara kuwa, a gundumar Tanut, ɗakin shan magani ne gatansa. Idan man mota ya yi ƙaranci, ma'aikatan da ke zagayawa ƙauyuka sukan daina zuwa. Majinyaci sai a kai shi Damagaram, ga kuɗin mota, ga na mai jinya, ga gona an bari. Maganin irin wannan ciwo kuma ba na mako ɗaya ba ne, kullum ake sha, in an tsaya ciwon yakan dawo. Iyali su sayar da akuya, su sayar da gero, ƙarshe su koma wurin malam ko boka, wani lokaci ma a ɗaure mutum a ɗaki.

Ga kuma damuwar fari da bashi da tafiyar maza cirani Libiya da Aljeriya, wadda ke da nauyi a Damargu, yankin da Tanut take.